Ranar da Ji Ya Kori Gani

A kowace shekara, idan sababbin ɗalibai suka kammala rajista aka zauna karatu, akwai wata safiya da nakan jira da ɗoki da fargaba a haɗe. Ita ce safiyar da 'yan aji ɗaya na tsangayar kimiyya ke shiga ɗakin gwaje-gwaje na ilmin halittu domin yin aikinsu na farko. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Akan ba kowane rukuni albasa guda, da reza, da ɗan fallen gilashi, da kwalbar aidin. Za a yanka albasar, a zare wannan siririyar fatar da ke manne a cikin kowane ɓawo, a shimfiɗa ta bisa gilashin, a ɗiga mata ruwa da aidin, a rufe da wani gilashin da ya fi shi sirantaka, sa'an nan a ɗora a ƙarƙashin madubin likita, wato na'urar nan da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Daga nan umarni ɗaya ne ya rage: zana abin da ka gani.

Bayan sa'a guda nakan bi tebur-tebur ina duba takardu. Abin da nake tararwa a yawancinsu zane ne mai kyawun gaske na ƙwayar halittar tsiro, an ƙawata shi da komai da komai. Ga ɗigo-ɗigon nan da ake kira kuloroflas, waɗanda ke ba ganye launin kore, an jera su a gefe. Ga maitokondiriya da lanƙwashe-lanƙwashen cikinta. An ja layi an rubuta sunan kowanne ba kuskure ko na harafi ɗaya. Matsalar kawai ita ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙarƙashin madubin da ke gaban ɗalibin. Kan albasa a cikin ƙasa yake girma, fatar cikinsa ba ta da kuloroflas. Lanƙwashe-lanƙwashen cikin maitokondiriya kuwa sun fi ƙarfin irin wannan madubi mai aiki da haske, sai madubi mai aiki da ilektron. Abin da ke gaban ɗalibin shi ne jerin 'yan ɗakuna masu tsawo, kamar bulo a jikin katanga, kowane da bangonsa, da wata 'yar cibiya da aidin ya rina ta zama ruwan ɗorawa. Ya leƙa madubin, amma zanen da ya yi daga littafin sakandare ya fito, wanda ya haddace tun yana aji huɗu.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Shekarun da na yi a wannan ɗaki sun nuna mini cewa ba kullum ba ne. Sau da yawa ji ne ke korar gani, domin idon da ba a horar ba yakan ga abin da aka gaya masa zai gani. Ra'ayina shi ne babban amfanin darasin ɗakin gwaje-gwaje a shekarar farko ta jami'a shi ne yaye ɗalibi daga wannan hali, kuma darasin ya cancanci daraja fiye da wadda ɗalibai, da malaman sakandare, da mu kanmu malaman jami'a muke ba shi.

Mu fara da yadda ɗalibi ke haɗuwa da shi a takardar rajista. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen shekarar 2022, ɗan aji ɗaya mai karatun ilmin halittu yana ɗaukar BIO 101 da BIO 102, waɗanda lacca ce zalla, kowanne kiredit 2. Kusa da su akwai BIO 107 da BIO 108, su ne na aikin hannu, kowanne kiredit 1. A ƙa'idar jami'a, kiredit ɗaya na lacca sa'a ɗaya ce a mako, amma kiredit ɗaya na ɗakin gwaji sa'a 3 ce a mako, wato sa'a 45 a zangon karatu mai mako 15. Ɗalibi kuwa ba wawa ba ne, ya iya lissafi. Ya ga kwas ɗin da zai ci masa sa'a uku a tsaye cikin zafi, ga rubuta rahoto da dare, amma nauyinsa a sakamakon ƙarshe rabin na wanda ake zama a saurara ne. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan ƙaramin kwas ne, na cike gurbi. Daga nan ake fara aika aboki ya sa hannu a takardar halarta, da aron rahoton 'yan shekarar bara a kwafe. Na taɓa karɓar rahoton da aka kwafe har da kwanan watan shekarar da ta wuce.

Lacca dai idan ta wuce mutum yana iya karɓar littafin aboki ya raba dare ya cimma sauran. Aikin hannu ba a karanta shi da dare. Wanda bai taɓa murɗa madubi da hannunsa ba, bai san cewa hoton da ke ciki a juye yake ba, idan ka tura gilashin dama sai abin ya tafi hagu. Bai san cewa wannan kyakkyawan zobe mai baƙin gefe da ke tsakiyar fili kumfar iska ce kawai da ta maƙale sa'ad da yake rufe gilashin ba. Kusan kowace shekara sai an sami wanda ya zana kumfar iska ya rubuta mata suna cibiyar ƙwayar halitta. Wani ma gashin idonsa yake gani yana motsi, ya kira ni da murna wai ya ga tsutsa. Ba na yi musu dariya, don ni ma a nan na fara, kuma wanda ya zana kumfa ya fi mini wanda ya zana kuloroflas sau goma. Na farkon ya duba ya yi kuskure, kuskurensa kuwa yana gyaruwa cikin minti biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ta yara ce kawai. Ta taɓa kama manyan masana na duniya har tsawon shekara talatin da 'yan kai, kuma labarin ya cancanci kowane ɗalibin kimiyya ya san shi.

A cikin cibiyar kowace ƙwayar halittar jikin ɗan'adam akwai wasu zarurruka da ake kira kiromozom, su ne ke ɗauke da abin da mutum ya gada daga uwa da uba. A shekarar 1923 wani masani Ba'amurke mai suna Theophilus Painter ya ba da sanarwar cewa adadinsu 48 ne. Ƙirga su a wancan zamani aiki ne mai wuya ƙwarai, domin a cukurkuɗe suke bayyana, wani kan wani, kamar taliyar da aka zuba a kwano. Shi kansa Painter, a wani rahoto da ya rubuta shekara biyu kafin nan, ya ambata cewa a samfuran da suka fi fitowa sarai 46 ya iya ƙirgawa. Duk da haka ya tsaya a kan 48, lambar ta shiga littattafai, malamai suka koyar da ita, ɗalibai suka haddace. Masu bincike da suka biyo baya suka riƙa dubawa suna ƙirgawa suna samun 48. A shekarar 1952 wani masanin mai suna T. C. Hsu ya gano, ta hanyar wani kuskure da aka yi wajen haɗa ruwan wanke samfur, cewa idan aka jiƙa ƙwayoyin a ruwa mai ƙarancin gishiri sukan sha ruwa su kumbura, zarurrukan su warwatsu a gan su ɗaya-ɗaya. Hoto ya fito fes, amma shi ma 48 ya ba da rahoto. Har akwai wasu masu bincike a garin Lund na ƙasar Suwidin da suka yi ta samun 46 a nasu samfuran, sai suka ajiye aikin, domin a ganinsu akwai guda biyu da suka kasa ganowa.

A wannan garin na Lund ne dai, a watan Disamba na 1955, Joe Hin Tjio, haifaffen ƙasar Indunusiya, ya ƙirga ya sami 46, ya sake ƙirgawa a samfuri bayan samfuri, ya ƙi ya ƙara biyun da littafi ke nema. Shi da Albert Levan suka buga sakamakon a 1956. Ba a yi shekara huɗu ba sai ga amfaninsa: a 1959 masu bincike a Faransa suka nuna cewa yaran da ke da larurar nan da ake kira ta Down suna da kiromozom 47 ne, wato akwai ɗaya da ya ƙaru. Da ana nan a kan 48, da sai a ce yaran ɗaya suka rasa, a nufi wata hanyar dabam. Abin da ya raba Tjio da waɗanda suka gabace shi ba fifikon madubi ba ne kaɗai. Da ido da littafi suka saɓa, sai ya sake dubawa, sa'an nan ya rubuta abin da idon ya nuna. (Ga ɗalibin da ke raina gwajin nan na yanka doya ko dankali a tsoma wani a ruwan gishiri wani a ruwa zalla: dabarar da ta kumbura ƙwayoyin Hsu ita ce dai wadda ke sa yankan doyarka ya yi tauri a ruwa zalla.)

To, ina ruwan wannan da yaron da ke aji shida a Funtuwa ko Azare? Ruwansa shi ne, daga cikin waɗanda ke tsaye a gaban albasar nan ne za a sami likitoci, da ma'aikatan ɗakin gwajin asibiti, da masu harhaɗa magunguna, da malaman gona. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai zauna da ɗigon jinin wani yaro mai zazzaɓi a kan gilashi. Ƙwayar jan jini faɗinta bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin dubu na milimita ɗaya ba, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro kuwa wani ɗan zobe ne a cikinta, wanda ake nema da madubin da ya ƙara girma sau 1,000. Likita ya riga ya rubuta cewa yana zaton maleriya ce, uwar yaron ma haka ta ce, damina ce kuma kowa maleriya yake yi. Idan mai dubawa ya saba tun yana aji ɗaya da zana abin da ake sa ran ya gani, to zai ga maleriya a cikin ɓurɓushin rini, a ba yaron maganin da ba nasa ba, ainihin ciwon kuma ya ci gaba da cin sa. Haka zancen yake ga mai neman ƙwan tsargiya a cikin fitsari, wanda ake gane shi da 'yar ƙayar da ke ƙarshensa. Ita kanta ƙwayar maleriyar da haka aka gano ta. A 1880, a wani asibitin soja da ke Kustantin ta ƙasar Aljeriya, Alphonse Laveran ya ga wani abu yana motsi a cikin ɗanyen jinin majinyaci, a lokacin da masana da yawa suka karkata ga cewa wata bakteriya ce ke kawo ciwon. An yi shekaru ana shakkar maganarsa kafin a yarda, daga baya aka ba shi lambar Nobel a 1907.

Yanzu sai in juyo kanmu, domin ba adalci ba ne a ɗora wa ɗalibi laifin duka. Yaro ba ya ƙirƙiro ƙarya haka kawai, yakan lura ne da abin da ake saka wa da maki. Idan malami yana da rahoto ɗari uku da zai duba kafin Litinin, hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙe amsar da ake sa ran samu a hannu ɗaya, ya riƙa auna kowane rahoto da ita. Wanda ya rubuta cewa ruwan Benedict ya koma ja kamar bulo da aka dafa shi da sukarin gulukos, ya ci. Wanda ya rubuta cewa nasa shuɗi ya tsaya bai sauya ba, ya faɗi, alhali kuwa wataƙila shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a rukuninsu, domin an yi kuskure wajen haɗa ruwan, ko kuwa wutar ba ta yi zafin da ya kamata ba. Na yi wannan irin duba a farkon aikina, ba zan ɓoye ba. Da hannunmu muke koya wa yara cewa sakamakon gwaji abu ne da aka sani tun kafin a shiga ɗakin, shigar kuma al'ada ce kawai. A yanzu ina ba da cikakken maki ga wanda ya rubuta cewa gwajinsa bai yi ba, muddin ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla, ya kuma kawo dalilan da yake zato. Wasu abokan aikina na ganin wannan sassauci ne. Ni a wurina shi ne tsanani, domin ya fi wuya a kwafa.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce wannan wahala. Ɗaki ya cika maƙil, mutum goma a kan madubi ɗaya, wuta na ɗaukewa, kayan gwaji sun yi tsada, alhali a wayar kowane ɗalibi akwai bidiyon ƙwayar halitta tana rabuwa biyu, da launi da komai, wanda ya fi duk abin da madubinmu zai nuna. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni ma ina nuna irin wannan bidiyo a lacca. Sai dai a tuna cewa wanda ya ɗauki bidiyon ya zubar da samfuri masu yawa kafin ya zaɓi mafi kyau, ya daidaita haske, ya sa kibiya a inda yake so a duba. Ya riga ya yi ganin a madadinka, kai labari kake karɓa, ko da kuwa ta ido ya shigo. Gilashin da ɗalibi ya haɗa da hannunsa yana da ƙura, da kumfa, da wurin da fatar ta naɗe. A cikin wannan hargitsi ne ake koyon rarrabe abin da ake nema da abin da ba shi ba, kuma jinin majinyaci ko ganyen dawar da cuta ta kama a haka suke zuwa, babu kibiya a jikinsu.

Ga 'yan'uwana malaman sakandare, na san halin da ake ciki, na kuma san yadda ake yi a makarantu da dama. Idan jerin samfuran jarrabawar aikin hannu ya iso, sai a tara yara a zana musu kowane samfur a allo, a ba su tambayoyin da ake zato da amsoshinsu, su haddace. Yaro ya fito da sakamako mai kyau a ilmin halittu bai taɓa riƙe fara ya ƙirga ƙafafunta ba. Na kuma ziyarci wata makaranta inda na tarar da madubai sababbi fil a cikin akwatunansu a kulle a sito, shekara da shekaru, wai ana tsoron kada yara su fasa. Madubin da aka kulle ma lalacewa yake yi, domin danshi kan sa fumfuna ta tsiro a jikin gilashinsa. Gara ya tsufa a hannun yara.

Inda babu madubin ma, ba a rasa abin yi ba. Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya fara ganin bakteriya a wajajen 1676, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba, da hannunsa yake goge 'yan gilasan da ya yi aiki da su. A 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da madubin takarda mai suna Foldscope, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana kuma ƙara girma wajen sau 140. Ko wannan bai samu ba, gilashin hannu mai ƙara girma sau goma ya isa a ga gashin ƙafar ƙuda da jijiyoyin fiffiken fara. Furen kuɓewa babba ne, kowane sashe nasa a fili yake, ba ya bukatar komai sai reza. A jiƙa wake da masara a ga yadda tsirowarsu ta bambanta. A tono ƙuduji a gonar dawa tare da saiwarsa, yara su ga inda ya manne wa saiwar dawar yana tsotso. Aidin na nan a kowane kantin magani, ɗigo ɗaya a kan kamu ko dafaffiyar shinkafa ya nuna sitaci. Sharaɗin dai guda ne: a rufe littafi tukuna, a ba yaro abin a hannu ya zana, sa'an nan a buɗe littafin a gwada, a tambaye shi inda suka saɓa da dalilin saɓawar. Yaron da aka yi wa haka sau biyar kafin ya bar sakandare, da ganin yadda ya riƙe fensir a ɗakinmu nake gane shi.

Kai kuma ɗalibi da ke shirin zuwa, idan Allah Ya sa ka sami gurbi, ka yi rajistar kwas ɗin aikin hannu tare da na lacca a zango ɗaya, ka tabbata sunanka ya fito a rukunin da aka sa ka, kada kuma ka yarda makon farko ya wuce ka da sunan ba a fara karatu sosai ba. A wannan makon ne ake koyar da riƙon madubi, da fara dubawa da ƙaramin gilashi kafin babba, da dalilin da ya sa ba a murɗa babban maɓalli idan an kai gilashi mai ƙarfi, domin a nan ne ake fasa samfur a kuma ƙarce gilashin. Ka zo da fensir mai tsini, ba biro ba, da ruler jan layi, da farar riga, da takalmi mai rufe ƙafa. Mata su cusa bakin hijabi cikin rigar, maza su bar riga mai faɗin hannu a ɗaki, saboda akwai wuta a kan tebur. Ba a ci ba a sha a ciki. Wannan doka ba ta tsoratarwa ba ce: a 1970 wata likita a Jos, Jeanette Troup, ta yanki yatsarta tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, cutar ta kama ta ta rasu. Albasa ba za ta kashe ka ba, amma a kanta ake koyon hattarar da za a yi aiki da ita a kan jini. Ka girmama ma'aikatan ɗakin, waɗanda ke haɗa ruwan gwaji suna gyara madubai, domin da yawa daga cikinsu sun fi mai digirin digirgir sanin halin kowane madubi da ke wurin.

A zangon da ya wuce, a irin wannan safiya ta albasa, wata ɗaliba ta ɗaga hannu bayan sauran rukuninta sun yi nisa da zane. Takardarta fara fat. Ta ce, "Malam, ni fa ban ga komai ba, duhu kawai nake gani." Na leƙa, na tarar da gaskiyarta: an juya gilashin na'urar bai zauna daidai a mazauninsa ba, haske ba ya wucewa ko kaɗan. Mutum shida ne suka riga ta leƙa wannan madubin, kuma dukkansu shida sun zana ƙwayar halitta cikakkiya, da sunayen sassanta. Na gyara gilashin, na karɓe takardun shidan, na ba su sababbi, na ce ita za ta fara dubawa.